Filtan A-kori-kurar Suruki

Babu wanda ya raɗa masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, mutanen layi kuma suka bar masa don sun gaji da musu. Shi ne ya gyara fankar tela ta koma hura iska ta baya, bango yana shan daɗi tela yana gumi. Shi ne kuma ya taɓa famfon mai aski, aka wuni ana kwashe ruwa daga shago da bokiti. Duk wannan bai rage masa komai ba. In ka tuna masa, sai ya ce kayan zamani ne ba su da ƙwari, amma hannunsa bai taɓa kuskure ba.

Abu ɗaya ne yake hana shi sukuni a duniya, a-kori-kurar surukinsa. Tsohuwar mota ce fara, shekara talatin tsohon yana jigilar kaya da ita, har yau kuma in an tayar da ita ba ka jin komai sai numfashi. Shekara shida ke nan Injiniya yana auren 'yar gidan, yana da lasin a aljihu, amma ko sitiyarin ba a taɓa bari ya riƙe ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai, domin a layin nan kowa da sana'arsa, shi kaɗai ne ba shi da komai sai baki.

Ana nan sai ciwon gwiwa ya kama tsohon, likita ya ce taka kuloci ya ƙare masa sai abin da hali ya yi. Ya aika aka kira surukin nasa, ya gaya masa cewa gobe Asabar akwai zannuwan gado na mai wanki da za a kai otal kafin sha biyun rana, kuma kafin nan lokacin canza baƙin mai da filta ya yi.

"Ka kai wa makanike," in ji tsohon. "Ka zauna ka kalla, kada ka taɓa. In ka kai kayan nan ka dawo mini da ita lafiya, makulli ya zama naka."

Injiniya ya russuna ya ce, "To, Baba." Kafin ya iso ƙofar gidansa da motar ya riga ya soke maganar makanike. Ina amfanin a ba ka makulli a ce wani ne ya yi aikin? Shi zai yi da hannunsa, a ƙofar gida, a gaban jama'a, don masu tuna masa da fanka su ga abin da ake kira gyara. Matarsa ta ce masa Baba bai faɗi haka ba. Ya ce Baba bai faɗa da baki ba ne, amma shi ya karanta a idonsa cewa jarrabawa ce. Ta ce ita shekara talatin da ɗoriya tana kallon idon nan ba ta taɓa ganin rubutu a ciki ba.

Washegari tun kafin a gama buɗe shaguna yana tsaye gaban mai kayan mota. Mai kayan mota mutum ne mai sanyin magana. Ya miƙo galan na baƙin mai, sannan ya tambayi lambar filtan, ko kuma a kawo masa tsohon ya gani.

"Lamba ai ta 'yan koyo ce," in ji Injiniya. "Ni da kunne nake aiki."

Ya sa aka sauko masa da filta bakwai aka jera a kan kanta. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kara a kunne kamar mai zaɓen kankana. Biyu har shinshina su ya yi. Mai kayan mota ya yi ƙoƙarin gaya masa cewa filta mai kyau ana gane shi ne da kaurin gwangwaninsa da laushin robar da ke zagaye da bakinsa, cewa na jabu ya fi kowanne ƙyalli amma in ka ɗaga shi ba nauyi, kuma kafin duk wannan dole ne ya zama na motar ne, bakinsa ya hau daidai. Injiniya bai ji ko rabi ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wani ƙato a can saman kanta, mai girman gwangwanin fenti.

"Wancan na tifa ne," in ji mai kaya.

"Madalla. Abin da ya tace man tifa, man a-kori-kura ai wasan yara ne a wurinsa."

Mai kayan ya duba fuskar mutumin. Ya hau benci ya sauko masa da shi.

Da ya dawo layi sai da ya bi shago-shago yana sanarwa. Tela ya fito da almakashi a hannu, mai aski ya jawo kujera, masu wucewa suka tsaya. Injiniya ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, ya shiga gida ya ɗauko daron wanki ba tare da ya tambayi mai shi ba, ya kwanta ya ajiye shi daidai ƙarƙashin notin da ake kwancewa mai ya zuba. Abin da bai sani ba shi ne baƙin mai ba ya saukowa a miƙe. Notin na fita, mai ya yi tsalle ya haye daro, ya shige masa hannun riga har hammata. Ya kasa motsi don kansa na ƙarƙashin ƙarfe, sai da ya lallaɓo daron da ƙafa.

Tela ya sunkuya ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, da gangan ya yi, domin gwani da fata yake auna mai.

"To yaya ka ji shi?"

"Ya gaji," in ji Injiniya.

Sai aka zo kan tsohon filta, shi kuwa ya ce bai san zancen ba. Injiniya ya murɗa da hannu, hannu ya zame. Ya naɗa tsumma, tsumma ya zame. Ya zare bel ɗin wandonsa ya ɗaura ya ja, bel ya tsinke, daga nan aikin ya koma na hannu ɗaya don ɗayan yana riƙe da wando. A ƙarshe ya ɗauko sukudireba da guduma ya soke filtan daga wannan gefe ya fita wancan. Man da ke ciki ya sauko masa a goshi ya bi gira ya shiga kunne, amma filta ya juya ya fita. Ya fito daga ƙarƙashin mota yana ɗaga shi sama, ba abin da ake gani a fuskarsa sai haƙora.

Ya koma da na tifa. Ya tura ta dama bai shiga ba, ya tura ta hagu ya tokare da ƙarfe. Da ƙyar da ƙuje hannu ya kai shi wurin, sai ya tarar bakin ya yi wa mazaunin yawa, yana ta juyawa ba ya kama komai. Mai aski ya tambaya cikin ladabi ko motar za a ƙara wa girma. Tela ya ce in an kawo masa zai iya rage filtan ta gefe ya bar masa aljihu. Injiniya ya ce su yi ta dariya, masu ƙera kaya ne suka yi kuskure a kamfani, kuma zai rubuta musu.

Daidai lokacin mai wanki ya iso. Mutum ne siriri mai tsabta, farar rigarsa ko layin guga bai karye ba. Ya kalli motar da ba mai a cikinta, ya kalli direbansa, ya kalli agogo. Tara da rabi ta wuce. Ya ce shekara takwas yana wa otal ɗin nan wanki bai taɓa makara ba, kuma manajan wurin ba ya jin uzuri. Injiniya ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, aiki ya kai kashi casa'in. Ya ɗaure wando da igiya, ya ari keken mai aski, ya koma kasuwa da filta biyu a leda.

Mai kayan mota bai ce ai na gaya maka ba, wanda hakan ya fi faɗa ciwo. Ya karɓi tsohon filtan ya goge don ya karanta lamba, sai ya tarar sukudireba ta bi ta tsakiyar lambar ta cinye ta. Ya yi ajiyar zuciya, ya riƙa gwada baki da baki har ya dace da wani ɗan ƙarami baƙi, mai nauyi, wanda kwalinsa ba ko hoto. Injiniya ya ce wannan ɗin ya sa wa ido tun farko, gwada mai shago yake ya ga ko ya san kayansa.

Mai kayan yana juya tsohon filtan sai ya tsaya. Ya tambaya ina robar bakinsa. Injiniya ya ce bai ga wata roba ba.

"To ta manne a jikin injin. Ka ɓamɓare ta kafin ka sa sabon. Sabon yana da tasa. In suka haɗu biyu…"

Injiniya ya riga ya hau keke.

Da ya koma ƙarƙashin mota ya shafa, ga robar nan kuwa manne, baƙin zobe lafiyayye ko tsagewa babu. Ya kwanta yana kallonta, a nan wani tunani ya zo masa wanda shi kansa ya burge shi. Ya leƙo da kai ya tambayi jama'a, tsakanin ƙofa mai kwaɗo ɗaya da mai kwaɗo biyu, wacce ɓarawo ya fi tsoro? Tela ya ce mai biyu. Ya ce to haka mai yake, ɓarawo ne, kullum hanyar fita yake nema, kuma yau zai tarar da kwaɗo biyu. Makanikai suna jefar da tsohuwar ne don ba su yi zurfin tunani ba.

Matarsa tana tsaye bakin ƙofa tana kallon daronta. Ta ce, "Baban yara, ni dai na sha ganin Baba yana cire ta da farce. Sabuwar ya shafa mata mai, ya ɗaura da hannu kawai."

Ya ce Baba na zamanin da ne, ilimi ya ci gaba. Ya ɗora sabon filta a kan tsohuwar roba, ya murɗa da hannu, ya ga bai gamsu ba, ya naɗa wata tsohuwar sarƙar keke ya zura bututun ƙarfe, ya kira mai aski suka ja tare har motar ta girgiza. Ya juye galan ɗin mai, ya shiga ya murɗa makulli.

Injin ya tashi sumul. Aka sunkuya aka duba, ko ɗigo babu. Tela ya cire hula ya sosa kai, mai aski ya ce lallai yau an ga abu. Ba a taɓa yi wa Injiniya kallo irin na girmamawa ba sai ran nan, kuma daɗin ya hau masa kai nan take. Ya wanke fuska sama-sama, suka tsaya shagon mai wanki aka loda ɗauri takwas na zannuwan gado, farare tas, a goge a ninke. Sakatar ƙofar baya tana da ɗan taurin kai, wadda tsohon ya san yadda yake lallaɓa ta. Injiniya ya ce ba shi da lokacin lallami, ya ɗaure ƙofar da wani ƙulli da ya ce shi ya ƙirƙiro shi.

Hanyar otal dama ce. Ya karya hagu. Mai wanki da ke zaune a gefensa ya nuna agogo, Injiniya ya ce masa minti biyu ne kawai, dole Baba ya ji muryar motarsa. Suka sake biyowa ta layinsu yana danna ham. Daidai shagon tela ya taka kuloci ya ba ta wuta har ƙasa don jama'a su ji yadda injin ke kuka. Wani abu ya ce fus a ƙarƙashi, sai wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari.

Mai wanki ya nuna ta da yatsa. Injiniya ya ce wannan sanarwa ce, mota tana shaida cewa sabon mai ya iso. Mai wanki ya ce shi a saninsa ja ba ya kawo albishir. Injiniya ya cire hularsa ya rataya a kan fitilar don kada ta riƙa ɗaga wa fasinja hankali.

A madubi ya hango mutane suna ɗaga hannu suna ihu suna biyo su da gudu. Ya fito da hannu ta taga yana ɗaga musu, ya ce wa mai wanki ka ga mutanen da ɗazu suke mini dariya. Bai ga baƙin layin da motar ke ja a kan kwalta ba. Bai ga mai aski da ya ɗauko tela a keke don su tsayar da shi ba, har tayar gaba ta hau layin, keke ya tafi gabas, su biyun suka tafi yamma. Injin ya fara wata ƙara siririya, Injiniya ya ce wannan alamar ƙarfi ne.

Tsohon yana zaune a benci a ƙofar gidansa, ƙafa miƙe a kan kujera. Tun motar ba ta shawo kwana ba ya ɗago kai. Mutumin da aka yi sati biyu ana tallafa shi kafin ya miƙe, sai ga shi tsaye a tsakiyar hanya ba sanda, kuma wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba ya ɗaga ta ran nan.

"Kashe ta!"

Injiniya ya kashe. Ya buɗe ƙofa ya diro don ya kai gaisuwa, ƙafarsa ta sauka cikin mai, ya zauna daɓas. Birkin hannu kuwa bai ja ba, layin kuma yana da ɗan gangare. Motar ta fara komawa baya a hankali da mai wanki a ciki, yana ta jan duk abin da hannunsa ya kai, har da na goge gilashi. Ba ta yi nisa ba tayar baya ta daki bakin kwata ta tsaya. Ƙullin da aka ƙirƙiro ya saki, ƙofar baya ta faɗi, ɗauri takwas suka gangaro ɗaya bayan ɗaya suka kwanta a kan layin mai. Biyu suka fashe.

Injiniya ya ga sauran man yana tsiyaya, ya ga zane a kusa, ya fizgi ɗaya ya kutsa ƙarƙashin mota ya cusa. Ya jiƙe, ya miƙo hannu ya jawo na biyu. Mai wanki ya fito ya tsaya a kansa, hannu biyu a ka.

Kafin a kira makanike layi ya cika. Tela ya iso yana ɗingishi, mai aski yana jan keke mai karkataccen kai, matar Injiniya tana bayansu. Makanike ya shiga ƙarƙashi ya gwada filta da hannu, ya gwada da abin kwancewa, ya tambaya ko da tifa aka ja shi. A ƙarshe sabon filtan ma sai da aka soke shi da sukudireba. Ya fito yana riƙe da zobe biyu na roba, ɗaya ya tsage, ya ɗaga su yadda kowa zai gani, ya tambaya wane ne mai wannan fasaha.

Injiniya ya ce tunanin daidai ne, robar ce ta jabu. Makanike ya ce robar ta gaske ce, har ma filtan da aka zaɓa babu kamarsa a kasuwa, ya tambaya wa ya zaɓa. Injiniya ya ce shi. Tela ya ce shi dai wanda ya gani da idonsa an zaɓo yana da girman gwangwanin fenti. Aka yi dariya har da masu leƙe ta katanga.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya sa makanike ya tura aka kawo wani filta da wani galan, ya sa aka kira wa mai wanki wata mota ta kwashi zannuwan da suka tsira, ya ba shi haƙuri da bakinsa, ya ce shi zai je ya ga manajan. Da aka gama aka tayar da injin. Tsohon ya dafa motar ya sunkuyar da kunne. Ta tashi, amma can ƙasa akwai wani kas-kas-kas ɗan siriri wanda jiya babu shi. Ya daɗe yana saurare. Injiniya yana kallon fuskarsa, a karo na farko a rayuwarsa kunya ta rufe shi.

Tsohon ya zura hannu ta taga ya ciro hular daga kan fitila ya miƙa masa.

"Filta kowa yana iya kuskurensa, ɗana. Ni ma na taɓa barin robar nan ina saurayi. Amma ta gaya maka tana jin ciwo, ka rufe mata baki da hula."

Ya kashe motar ya zare makulli, ya ɗingisa ya koma benci. A nan ne Injiniya ya lura da wata leda a gefen inda tsohon yake zaune tun safe. Takardun mota ne a ciki, da makulli na biyu, an sa masa sabon zobe. Tsohon ya jefa na hannunsa a ciki, ya ƙulle bakin ledar, ya miƙa wa 'yarsa ya ce ta mayar masa ɗaki ta sa a ƙasan akwati. Ta karɓa ba ta kalli mijinta ba.

Jama'a suka watse. Saura zane goma sha ɗaya baƙi ƙirin a gefen hanya, mai wanki yana tsugune yana tattara su. Injiniya ya matso ya taya shi ɗaurewa, ya ɗora ɗaurin a kansa ba tare da an ce masa ba, suka kama hanya. Ba su buƙaci tambayar kowa ba, baƙin layin ya miƙe tun daga ƙofar suruki har layinsu, yara suna tsallake shi.

Suka yi rabin hanya. Sai Injiniya ya gyara murya, ya ce a gaskiya cire baƙin mai daga farin zane ba wani abu ba ne in mutum ya san sirrin, shi yana da wata hanya da ba a taɓa gwadawa ba, fetur kaɗan kawai ake buƙata da dutsen guga mai zafi.

Mai wanki ya tsaya. Ya sauke ɗaurin daga kan Injiniya ya ɗora a nasa kan, a kan farar rigarsa da komai, ya tsallaka titi, ya ƙarasa gida ta wancan gefen.